Ranar da Na Yanke Igiyar Baba

Jambutu, Garwa
26 ga Mayu, 2024

Zuwa ga Adda Balkisu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa irin ta ƙane ga yayarsa, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Alhaji Bakari da yara. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sa albarka a kasuwa, ya kare ku daga ruwan Duwala da bai san ranar hutu ba. Mu nan lafiya lau muke, alhamdu lillahi. Zafin bana ya gasa mu yadda ya saba, amma ruwa ya sauka sau uku, gari ya yi sanyi, har Binuwai ya fara tuna cewa shi kogi ne. Mai ɗakina Hamida tana gaishe ki da kyau. Goggo Dudu ta aiko da busasshen kifi daga Maga, na raba biyu, rabonki yana cikin ƙunshin da Robert direba zai miƙa miki tare da wannan wasiƙa. Baba kuma lafiyarsa ƙalau. Ki sake karanta wannan jimlar sau biyu kafin ki wuce, don da gangan na sa ta a nan. Yanzu haka ina hango shi ta taga yana zaune a rumfarsa, yana yi wa kajin Hamida faɗa.

Na san za ki ce me ya kawo wasiƙa alhali muna magana a waya kowace Juma'a. Dalilin shi ne tun muna yara ban taɓa kai ƙarshen zance a gabanki ba, ita kuwa takarda ba a katse ta. Kina iya yaga ta, amma sai bayan kin karanta, don na san ki da son jin ƙarshen labari. To ga maganar. Ranar Asabar, ashirin ga Afrilu, Baba ya faɗi a tsakar gida, ƙashin wuyan hannunsa na hagu ya tsage, goshinsa ya fashe kaɗan. Mako biyar ke nan muna ɓoye miki, kuma duk Juma'ar da kika ji ya ce miki hannun nasa sanyi ne ya kama shi, ina tsaye kusa da shi ina kallon ƙasa. Ban manta abin da kika ce a watan Janairu ba, lokacin da ya zuba wa kansa shayi mai zafi a hannu. Kin ce idan aka sake samun ko da ƙwarzane, za ki hau jirgin ƙasa zuwa Ngaundare, ki shigo mota zuwa Garwa, ki tattara shi ki kai shi benenki hawa na uku inda idonki zai kasance a kansa. Na san ba ki faɗin abin da ba za ki yi ba. Shi ya sa na zauna na rubuta miki komai, in roƙe ki ki bar tsohon nan a gidansa. Ki ji yadda abin ya faru, sannan ki yanke hukunci.

Kin tuna sharuɗɗa goma sha huɗu da kika turo min ta waya bayan ƙunar nan, waɗanda kika samo a wata takardar asibiti kan kare gida daga haɗari. Na yi miki ba'a a lokacin, na ce ko Majalisar Ɗinkin Duniya ba ta kai ki yawan ƙuduri ba. Amma bayan azumi na ɗauki abin da gaske, na bi su ɗaya bayan ɗaya kamar ɗalibin da ke tsoron jarrabawa. Kuma gaskiya, Adda, gidan nan da muka girma a ciki Allah ne kawai yake tsaron mu. Na tarar da kananzir a cikin gorar roba irin wadda Hamida take zuba folere, wato zoɓo, a kan kanta ɗaya da gorunan foleren, bambancinsu launi kawai, ga jikokin maƙwabta suna shige da fice. Na tarar da maganin ɓera a gwangwanin madara kusa da gishiri. Tukunyar gas tana jingine da murhun gawayi kamar aminai. Wuƙaƙen Baba guda bakwai na zamanin da yake fawa suna soke a jikin zana, daidai tsayin kan yaro. Duk na gyara. Kananzir ya koma jarka mai rubutu a saman rumbu, gas ya fita waje ƙarƙashin inuwa, aka karce simintin banɗaki ya daina santsi, wuƙaƙe suka shiga akwati duk da Baba ya ce na binne su da ransu.

Sai rijiya. Kin san murfinta, fallen kwanon nan mai tsatsa da katako ɗaya wanda yake nan tun Inna tana raye. Na kira maƙwabcinmu Louis mai walda, mutumin dutsen nan da Baba ya shekara ashirin yana faɗa da shi kan ƙarar injinsa, yana kiransa Mai Tartsatsi, shi kuma yana kiran Baba Sarkin Wuƙa. Na ce masa ina son murfi mara nauyi wanda mata za su ɗaga ba wahala. Ya dube ni ya ce, da Hausarsa ta kasuwa, shi ba ya yin murfin tukunya a kan rijiya. Wai a ƙauyensu can saman dutse ƙanwarsa ta tafi ɗiban ruwa tana shekara shida, ba ta dawo ba, tun daga nan duk murfin da ya fito daga hannunsa sai wanda sa zai tsaya a kai ya yi tuƙa. Na kawo masa hujjoji irin na mai ilmi, ya ce Purof, haka yake kirana, ya je ya koyar da yara, ya bar ƙarfe ga masu ƙarfe. Ya yi abin da ya ga dama, ƙaton murfi mai ƙaramar ƙofa a tsakiya wadda guga kawai ke wucewa, da kwaɗo. Na yi kwana biyu ina jin haushinsa. Wannan kwana tara ke nan kafin ranar da nake ba ki labari.

Sharaɗi na goma sha ɗaya ya ce a kawar da duk abin da zai iya tuntuɓe da mutum ko ya shaƙe shi a hanyar wucewa. Ran Asabar ɗin Hamida ta tafi garin Gidar sunan ɗiyar ƙanwarta, ba makaranta, gida ya zama nawa. Na tsaya a tsakar gida da takardarki a hannu ina dubawa. Turmi yana tsakiyar hanya, na mirgina shi gefe. Randa tana bakin rumfar Baba, na matsar da ita jikin bango. Sannan idona ya faɗa kan igiyar shanyar Inna, wadda ta tashi daga ginshiƙin rumfar Baba ta ratsa tsakar gida har bishiyar dogon yaro ta bakin banɗaki. Ta saki ta yi ƙasa har daidai kafaɗa, sau da yawa tana tsige min hula. Na duba na ga duk ƙulle-ƙulle a jikinta, nan ɗaya, can biyu a jere, can uku. Na ce a raina igiyar nan ta tsufa, sai ɗaure-ɗaure ake yi mata. Na ɗauko wuƙa na yanke ta, na naɗe na jefa bayan kicin, na ɗaura sabuwar wayar ƙarfe can sama a jikin ɗaya bangon. Baba yana ɗaki yana barcin bayan Azahar. Na ja layi a kan lamba goma sha ɗaya, na koma ɗaki gyaran takardun ɗalibai ina jin kaina kamar injiniya.

Ana gab da kiran La'asar na ji wata ƙara kamar an doki ƙatuwar ganga. Na fito da jan biro a hannu. Adda, abin da na gani ba zan so ki gani ba ko a mafarki. Baba yana kwance rub da ciki a kan bakin rijiya, ƙirjinsa da cikinsa a kan murfin Louis, ƙafafunsa a ƙasa, butarsa ta yi gefe tana tsiyaya. Kin san bakin rijiyar bai wuce gwiwa ba, kuma kin san zurfinta gaba goma sha biyu ne, a watan Afrilu kuwa ruwan yana can ƙasa kamar ƙwayar ido. Da tsohon kwanon nan ne a wurin, da wata wasiƙa dabam kika samu, kuma da ba ta jira mako biyar ba. Na yi ihu irin wanda ban san ina da shi ba. Kafin in kai gare shi maƙwabta sun cika gida, kowa da iliminsa. Wani ya ce a ɗaga shi a miƙe shi tsaye a ga ko ƙafa na aiki, wani ya kama hannun yana so ya ja ya gyara, wata ta ce a kawo man shanu, wani har ya aika a kira mai ɗori.

Allah ya kawo Clarisse, matar Louis, wadda take aikin jinya. Ta shigo da zanen gida da kumfar sabulu a hannu, ta daka wa mutane tsawa da Fulatanci da Faransanci da Hausa a haɗe, ta ce duk wanda ya sake taɓa tsohon nan sai ya gaya mata inda ya yi karatun likita. Ta durƙusa ta tambaye shi sunansa, ya ce in ba ta san sunansa ba bayan shekara ashirin to ta tambayi mijinta. Ta ce madalla, kai lafiya yake. Ta sa ya motsa yatsun ƙafa, ta latsa wuya da baya da ƙugu tana tambaya ko da zafi, sai da ta tabbata sannan ta bari mu huɗu muka sauke shi a hankali kan tabarma. Ta danne goshin da tsumma mai tsabta, ta ɗaure hannun a jikin murfin kwali, ta ce ba wanda zai ja shi kafin a ɗauki hoton ƙashi. Sannan ta miƙa masa kofin ruwa ya kurkure baki. Ina kallo, Adda, ya miƙa hannun dama ya damƙi iska, kusan taƙi guda daga inda kofin yake. Clarisse ta dube ni, ni ma na dube ta. Ta ɗaga yatsu uku a gabansa ta ce nawa ne. Ya ce shi ba ɗan makaranta ba ne, a tambayi ɗansa Zaharaddin, shi ne gwanin lissafin banza.

A asibiti aka ce tsagewa ce ba karaya ba, aka sa filasta, aka yi ɗinki uku a goshi. Amma Clarisse ba ta bar mu mun tafi ba sai da ta kai mu wurin likitan ido. Ya haska fitila ya ce yanar ido ce ta rufe su duka biyu, ta nuna sosai, abin da Baba yake gani bai wuce haske da duhu da inuwar mutum ba, kuma wannan ba aikin wata ɗaya ko biyu ba ne. Ya tambaye ni ko tare muke zaune. Na ce gida ɗaya, kwano ɗaya. Ya ci gaba da rubutu, ni kuwa da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

Washegari Hamida ta dawo daga Gidar. Ba ta ko ajiye jaka ba, ta dubi tsakar gida ta ce ina igiya. Na ce na cire, na yi mata sabuwa mai kyau. Sai kawai ta zauna a ƙasa ta dafe kai. A nan na ji sauran labarin. Kusan shekara biyu ke nan ta sani. Ta kama shi wata rana yana laluben bango, ya sa ta yi alkawarin ba za ta gaya wa kowa ba, musamman ni, wai cikina ba ya riƙe magana idan kika matsa min, wanda kuma gaskiya ne. Ita ce ta sassauta igiyar ta sauko daidai hannunsa. Ƙulle-ƙullen kuwa shi ya yi su da kansa, irin ɗaurin da mahauta suke yi wa sa kafin a kayar da shi, wanda ba ya zamewa. Ƙulli ɗaya, ga randa a dama. Ƙulli biyu, an zo daidai rijiya, a manne da igiya kada a karkata hagu. Ƙulli uku, ƙofar banɗaki, a ɗaga ƙafa. Kullum sau biyar ko fiye yana bin igiyar nan da yatsu biyu kamar mai taɓa shanya ya ji ko ta bushe, ina zaune da littafi a hannu ina ganinsa. Ran nan ya fito alwala ya miƙa hannu bai ji komai ba. Ya ce ya tsaya ya yi tunanin kirana, amma kiran yana nufin tona kansa. Sai ya ce ai shekara arba'in yana taka gidan nan, ƙafarsa ta san hanya. Ƙafar tasa ta nemi randa ba ta samu ba, ta ci karo da turmi a inda ba turmi, ya juya don ya kauce, ya miƙe sak zuwa rijiya. Shekara ashirin da uku ina koyar da labarin ƙasa a lise, wato sakandare, ina faɗa wa yara muhimmancin taswira, sai ga shi na sake wa mahaifina tasa da rana tsaka ban gaya masa ba.

Da na zauna na yi tunani, sai abubuwa suka riƙa dawo min ɗaya ɗaya. Ya daina zuwa mahauta yana cewa yaran yanzu sun lalata sana'a, ba ya son ganin takaici. Yana riƙe hannun abokinsa Malam Hammadu zuwa masallaci yana cewa gwiwa ce. Layyar bara ya miƙa min wuƙa ya ce lokaci ya yi da zan koya, ya tsaya a bayana yana kushe yankan daga jin sautinsa kawai, ni kuwa har na ji daɗi wai an yarda da ni. Shayin Janairu ma kofin ne bai gani ba. Na tambaye shi don me ya yi mana haka. Ya ce ya san ranar da kika ji, ranar za ki zo da akwati, kuma ba don ƙi ba, don so. Ya ce a nan ya san kowane dutse, ya san tafiyar kowa a lungu, ya san La'asar daga yadda zafi yake barin bangon rumfa, kabarin Inna yana nan inda ake kai shi ran Juma'a. Wai a Jambutu shi mutum ne da ba ya gani, amma a hawa na uku a Duwala makaho zai zama, a ajiye shi kusa da talabijin ana ba shi abinci a baki.

Yanzu ga ɓangare mai daɗi na labarin. Likita ya ce irin wannan yanar ana cire ta. Baba ya ƙi da farko, ya ce shi ya san abin da wuƙa take yi wa ido, ya fi kowa sani. Wasu abokansa suka kawo labarin wani mai allura da yake zagaya kasuwanni yana ture yanar ido, Clarisse ta ce idan mutumin ya taka lungun nan za ta sa Louis ya yi masa walda a jikin ƙofa. A ƙarshe Louis ne ya shawo kansa. Ya zo ya zauna a rumfa ya ce Sarkin Wuƙa ya ji kunya, mutumin da ya kayar da bijimai dubu yana tsoron wuƙar da ba ta kai farcen yaro ba. Baba ya ce a shirya mota. Sharaɗinsa ɗaya, kada a gaya miki sai an ga sakamako, don in abin bai yi ba yana so ya ji baƙin cikinsa a gidansa ko da na mako guda ne. Na amince, kuma wannan laifina ne ni kaɗai, kada ki ɗora wa Hamida. An yi aikin idon dama ran sha shida ga wannan wata, bai kai minti arba'in ba. Washegari aka cire bandeji. Ya ƙifta, ya ƙifta, ya dubi likita, ya dubi Hamida, sannan ya juyo kaina ya daɗe yana kallo. Ni har ƙwalla ta taru min ina jiran magana mai ratsa zuciya. Ya ce yaushe na yi wannan furfura haka, kuma wane ne ya ba ni shawarar wannan tumbi.

Tun daga ranar gidan nan bai huta ba. Ya ga fentin da na yi wa zaure shekara biyu da suka wuce, ya ce launin ciwon ciki ne. Ya ga naman da ake kawo mana, ya aika wa mahaucin da saƙon da ba zan rubuta ba. Ya je ya tsaya a kan rijiya ya daɗe yana duban murfin, ya sa aka kira Louis, ya nuna masa wani gefe ya ce waldar nan a karkace take, aikin gaggawa ne. Louis ya ce e, a karkace take, amma ta riƙe wani tsoho mai nauyin baki. Baba ya koma rumfarsa. Da yamma ya sa na raka shi kasuwa, karo na farko cikin shekara biyu, ya zaɓi cinyar rago da idonsa da yatsansa, ya ce a kai gidan Mai Tartsatsi, kuma kada a ce daga wurinsa take. Clarisse ta aiko da godiya da kashedin cewa kada ya sunkuya, kada hayaƙi ko ƙura su shiga idon, a ɗiga magani sau huɗu a rana. Sallah a zaune yake yi har yanzu. Filastar hannu za a cire ta jibi in Allah ya so.

Igiyar kuma ta koma wurinta. Na tono ta daga bayan kicin, na haɗa inda na yanke, Baba yana zaune yana ba da umarni da hannu ɗaya, sai da na kwance na sake sau shida kafin ya ce ɗaurin ya yi kama da na ɗan mahauci. Randa da turmi sun koma inda suke. Ya ce zai ci gaba da bin igiyar har a yi ɗaya idon, don ido ɗaya ba ya gane zurfin rami sosai, likita ma haka ya ce. Sharuɗɗanki goma sha huɗu suna nan manne a ƙofar kicin, ban cire ko ɗaya ba, don na biyu a cikinsu shi ya ce a rufe rijiya, kuma ba don shi ba da ban kira Louis ba. Ke kika ceci Baba daga Duwala ba ki sani ba. Na dai ƙara na goma sha biyar da hannuna a ƙasa, cewa ba a matsar da komai a gidan nan, ko da tsintsiya ce, sai an gaya wa wanda yake taka wurin, kuma an tambaye shi me ya sa abin yake inda yake. Hamida ta ce in ƙara na goma sha shida, kada a bar ni ni kaɗai a gida da wuƙa da takarda. Ban rubuta ba tukuna, amma ban musa ba.

To Adda, kin ji duka. Ki yi min faɗa yadda kike so, na cancanta, zan riƙe wayar har ki gama ko da kunnena zai yi zafi. Amma ki dubi abin da ke gabanmu. Mutumin da kika ji tsoro a kansa a Janairu ba ya gani, kuma ba wanda ya sani sai mace ɗaya da ta yi alkawari. Na yau yana gani, gida ya san halinsa, akwai ma'aikaciyar jinya a bayan katanga, rijiya tana da murfin da sa zai tsaya a kai. Ki bar shi a nan. Na karanta masa wasiƙar nan kafin in rufe, ya gyara min wurare biyu, ya ce bijiman sun fi dubu. Sannan ya ce in ƙara miki saƙo daga bakinsa. Kin tuna Babbar Sallar bara da kika zo, kika shigo rumfarsa da sabuwar atamfa, ya ce wannan shuɗi da ruwan goro ya karɓe ki kamar Inna, har kika yi kuka? Hamida ce ta raɗa masa launin kafin ki shigo. Bai ga atamfar ba, bai ga fuskarki ba, kwana goma kina gabansa. Za a yi idon hagu mako guda bayan Sallah. Ya ce ki zo ki yi Sallah da mu, ki riƙe masa hannu ran aikin, kuma ki sa atamfar nan, don wancan karon da idon Hamida ya yabe ta, yanzu yana so ya duba da nasa ko ta cancanta. Ya ce ki zo da ƙaramar jaka, wadda kayanki kawai za su shiga.

Ki gaishe min da Alhaji Bakari, ki ce masa ina neman ya tsaya a gefena a wannan shari'a. Ki gaishe da Nafisatu da Hamadu, Allah ya ba su sa'ar jarrabawa, in an yi hutu ki taho da su kakansu ya ga yadda suka girma. Hamida tana gaisuwa tana neman afuwa, Goggo Dudu tana gaisuwa, Malam Hammadu da Louis da Clarisse duk sun ce a gaishe ki. Allah ya tsare mu da ku daga abin da muke gani da wanda ba ma gani, ya haɗa fuskokinmu da alheri. Idan kin shigo gida ki sunkuyar da kai kaɗan a tsakar gida, igiyar tana tsige ɗankwali.

Ƙanenki mai jiran hukunci,
Zaharaddin Uba